Abincin tsoho da hannun mai ba shi

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Cadakori



A Faransa da wasu ƙasashen Turai akwai gidaje na musamman inda ake ajiye tsofaffi. Ma'aikata ne ke ba su abinci. Dokar aikinsu ita ce su wanke hannu kafin su taɓa kwanon kowa. A Cadakori tsoho yana gida cikin iyalinsa. Ɗiyarsa, ko matar ɗansa, ko jikarsa, ita ke dama masa fura, ita ke ba shi kunu a baki. Saboda haka wannan doka ta hau kanta.

Tsoho ba shi da ƙarfin jiki kamar saurayi. Zawo na kwana biyu yana iya ƙarar da ruwan jikinsa, ya kwantar da shi. Ƙwayoyin cutar zawo ba a ganinsu da ido. Suna fitowa daga kashi, su maƙale a hannu da ƙarƙashin farce, daga nan su shiga ƙwarya.

Jihar Maraɗi ta san wannan masifa. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa. A 2021 ta sake dawowa. Ruwa marar tsabta da hannu marar wanki su ne hanyarta.

Akwai al'adar da ke son gyara. Idan an kawo tuwo, sai a ajiye kwano ɗaya na ruwa, kowa ya tsoma hannu a ciki. Na farko ya bar dauɗarsa, na ƙarshe ya kwashe ta. Wannan ba wanki ba ne.

Ga yadda ya kamata a yi:

1. Yaro ya riƙe buta ya zuba, ruwan ya zube ƙasa.
2. A sa sabuni, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu, har a ƙirga 20 sannu-sannu. In ba sabuni, a yi da toka mai tsabta.
3. Kada a goge hannu da zane ko riga. A bar shi ya bushe.
4. A wanke wa tsohon nasa hannun, ko da yana kwance.
5. Mai jinya ta sake wanke hannu duk lokacin da ta zubar da fo ko ta yi wa yaro tsarki.

Marar lafiya ya samu ƙwaryarsa da ludayinsa dabam. A rufe fura da faifai saboda ƙudaje.

In zawo ya kama tsoho, a dama ƙunshi ɗaya na garin SRO cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A kai shi gidan likita ran nan, kada a jira gobe.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa matan gidansu. Allah ya ba iyayenmu lafiya, amin.