Jawabi a Taron Ƙungiya: Lakar Haƙa da Rijiyarmu ta Foraj

Iyayenmu dattawa, ƴan'uwa mazauna gida, da ku da kunka zo daga Yamai, Legas da Abijan, muna yi maku barka da zuwa.

Kuɗin foraj sun kusa cika, kuma gumin ku ne. Kafin mu sa hannu da kamfanin haƙa, akwai abu guda da ya kamata kowa ya gane. Ana iya haƙa rijiya a kai ga ruwa sosai, amma ta ƙi ba da ruwa. Sau da yawa laifin na lakar haƙa ne.

Masu haƙar man fetur sun fi kowa sanin wanga al'amari. Tun shekarar 2011 ake fitar da mai a Agadem, cikin jihar Diffa, ana kai shi matatar Damagaram. Man nan ba tabki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana cikin ƴan ƙananan kafofi ne tsakanin ƙwayoyin yashi da sunka daskare sunka zama dutse. Ruwan da mu ke bida shi ma haka ya ke zaune. In kafofin suna haɗe da juna, ruwa ko mai sai ya ratso ya zo rijiya. In sun toshe, yana nan, amma ba ya da hanya.

A inda dutse ke da tauri, kamar wajejen Damagaram, da iska ake haƙa. A ƙasa mai yashi kuwa, sai da laka. Ana dama wani yumɓu da ake kira bantonit da ruwa, a tura shi cikin ramin. Shi ke sanyaya bakin ƙarfen haƙa, shi ke ɗauko garin dutse ya fito da shi waje, shi ke riƙe bangon rami kada ya rubza. Laka ke nan mai amfani.

To, ina ɓarnar? Nauyin lakar ya fi ƙarfin ruwan da ke cikin dutsen, don haka takan danna ta shiga. Manyan ƙwayoyinta sukan tsaya a bakin kafofi, su yi ɓawo a jikin bango kamar yaɓe. Ƙanana kuwa sukan kutsa ciki, su maƙale a wurare masu matsi. Ɓawon waje yana da sauƙin wankewa. Na ciki shi ne mugun. A shekarar 1977 wani injiniya mai suna Abrams ya nuna cewa in girman ƙwayoyin laka ya kai sulusin faɗin kafar dutse, sukan cushe a baki, su tare wa sauran hanya. Shi ya sa masu mai ke auna girman ƙwayoyin da su ke zubawa.

Iyayenmu mata sun san misalin wanga. Sabuwar randa tana zufa, ruwanta ya yi sanyi. In ta daɗe ana zuba mata ruwa mai gurɓi, sai kafofinta su toshe, ta daina. Toshewar dutse ba ta cika wuce ƴan santimita ba daga bangon rami, amma ta nan duk ruwan zai bi. Kuma gwargwadon daɗewar laka cikin rami, gwargwadon wuyar fitar da ita.

Maganin shi ne wankin rijiya. Bayan an sa tiyo mai tsage-tsage daidai inda ruwa ya ke, an kewaye shi da tsakuwa mai tsabta, sai a hura iska mai ƙarfi da inji, ana tsayawa ana sakewa, har lakar ta kakkaɓe ta fito. In ta yi taurin kai, akwai maganin da ake zubawa ya warware ta. Aiki ne mai cin gazuwal da lokaci, don haka mai gaggawa yakan taƙaita shi.

Saboda haka muna roƙon taro ya yarda da abu huɗu, a rubuta su cikin takardar yarjejeniya:

1. A fara wanki da zarar an gama sa tiyo, kada laka ta yi kwanaki cikin rami.
2. Kada a tsai da wanki sai ruwa ya fito garau. A tara shi a bokiti, a ga babu yashi a gindi.
3. A ja ruwa da inji awoyi da yawa a jere, a auna lita nawa ke fitowa a awa guda, gaban wakilanmu, a ba mu a rubuce.
4. Kashin ƙarshe na kuɗi ya tsaya hannun ma'aji sai an cika waɗannan.

Ranar da ruwa ya fara ɓullowa, za a yi guɗa, kowa zai so a sallami ma'aikata. Iyayenmu, ku taimake mu da haƙuri a wannan rana. Jan ruwa na farko ba shaida ba ne. Kada mu yi cinikin biri a sama da kuɗin da ɗiyanmu sunka tara a ƙasashen mutane.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.