Moton lantarki a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram: ina za a sa caji?



An ce in yi magana kan moton lantarki, wanda ba ya shan esans sai batir. Na ji wasu na cewa shi ne zai raba mu da tsadar mai, wasu kuma sun ce kayan wasan masu kuɗi ne. To, mu yi lissafi tare tukuna, sannan kowa ya yanke nasa hukunci.

Mu fara da kuɗi. A watan Yuli na 2024 litar esans ta koma 499 F, dala ɗari ba tamma ɗaya. Moton da ke shan lita biyu da rabi a kilomita 100 zai ci wajen 1.250 F ke nan. Na lantarki, a wannan tazarar, abin da yake ja bai wuce kilowat huɗu zuwa biyar ba. Ko da an sayar maka da kilowat ɗaya 100 F, ba ka wuce rabin jikka ba. Ba juyen mai, ba buji. Ga wanda ke yawo cikin gari ya koma gida da dare, wannan riba ce ta gaske. Kun kuma san tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ruwa-ruwa ya daina araha.

Amma mu a nan moto ba na cikin gari ba ne kawai. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti daga ƙauye, da shi ake bin kasuwannin mako. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne. Yawancin motocin lantarki da ake kawo wa ƴan haya a Afirka suna yin kilomita 70 zuwa 100 da caji ɗaya, a kan gudron mai kyau. Ɗora buhu, ɗauki mutum a baya, shiga rairayi, sai tazarar ta ragu. Mu ce 80. Sai ka tsaya caji aƙalla sau biyu, misali wajen Agi, sannan bayan ka wuce Tasawa. Kowace tsayawa awa uku ko huɗu, in wutar gida ce. Tafiyar rabin yini ta zama ta yini guda. Yamai zuwa Maraɗi kuwa, wajen kilomita 660, tsayawa takwas ke nan.

Wannan ma in ka tarar da wuta. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, a karkara kuma abin bai kai haka ba. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin takunkumin CEDEAO, da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu, har sai farkon 2024. Mai esans in mai ya ƙare yana samun kwalba a gindin bishiya. Mai batir fa? Ya tura, ko ya kwana. Kun san akwai wuraren da ba a son dare ya riski mutum, musamman ta bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji.

Ga kuma zafi. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, mu kuwa a bazara muna wuce digiri 40 kullum. Batirin da ya sha rana aka jona shi nan take, yana saurin tsufa, kuma shi ne mafi tsada a jikin moton.

Duk da haka ban ce mu yi watsi da abin ba. A Bénin da Togo kamfanin Spiro, a Ruwanda kamfanin Ampersand, sun bi hanyar musayar batir: ka zo tasha, ka aje wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka biya, cikin ƴan mintoci ka wuce. Ruwanda ma ta daina yi wa sabbin motocin haya masu esans rajista a Kigali tun Janairu 2025. Sai dai ku lura, tashoshin nan a manyan birane suka fi yawa, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga moton wani. Batirin ma ba naka ba ne, na kamfani ne. Ranar da ya ƙara kuɗi ko ya rufe tasha, motonka ya zama ƙarfe a tsakar gida.

Rana dai muna da ita. Tashar hasken rana ta Malbaza, megawat 7, tana aiki tun 2018. Ta Gorou Banda kusa da Yamai, megawat 30, tun 2023. A ƙauyuka ma akwai masu shago da panno suna cajin salula. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma ga abin da muke nema kafin motocin su cika kasuwa.

Na ɗaya, a fara da hanya ɗaya a gwada, Maraɗi zuwa Damagaram, da tashar musaya mai panno a kowane kilomita 40 zuwa 50: Cadawa, Agi, Gazawa, Tasawa, Takeita da tsakaninsu. Kada ta dogara da layin NIGELEC kaɗai.

Na biyu, gwamnati ta sa ƙa'ida tun daga duwan: batir da bakin caji su zama iri ɗaya, ko waɗanda ke shiga juna.

Na uku, duk yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a fassara ta da Hausa, a karanta wa mai saye gaban shugabannin tasharsu. Ya san kuɗin musaya nawa ne, wa ke iya ƙara shi, kuma me zai faru in ya yi rashin lafiya mako biyu bai biya ba.

Na huɗu, a koya wa makanikanmu da yaran garaji gyaran wannan moto, don kada abincinsu ya tafi tare da esans. Masu sayar da mai a kwalba su ma a ba su dama su riƙe tashoshin.

Na biyar, wanda ya shigo da batir shi zai kwashe shi in ya mutu. Kada ya ƙare a bola inda yara ke tona.

Ku ƴan kabu-kabu, ga aikinku: mako guda kowa ya rubuta kilomita nawa ya yi a yini, mai na nawa ya sha, sau nawa ya fita gari. Ku kawo mana a zama na gaba. Da wannan lissafin za mu je gaban hukumomin komin da duk kamfanin da ya zo da tayi.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.