Ciwon Damuwa: Maganin Yaro Dabam, Na Tsoho Dabam

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, jama'ar Sabon Ibadan maza da mata.

An ce in yi magana a kan ciwon damuwa. To, ba ɓacin ran wanda goronsa ya ruɓe a hanya nake nufi ba, wannan kwana biyu ya wuce. Ina nufin mutum ya yi mako biyu ko fiye ba walwala, barci ya gagara, abinci ba daɗi, har sana'arsa ta fita ransa. Ciwo ne, yana da magani, amma maganin yana bin shekarun mai shi.

Mu fara da samari da 'yan mata, waɗanda nasu kan zo da faɗa da ƙin makaranta, mu ce taurin kai ne. A 2004 aka fitar da wani bincike a Amurka kan yara 439 'yan shekara 12 zuwa 17. Waɗanda aka haɗa wa ƙwayar fluoxetine da zaman tattaunawa da masani, kashi 71 cikin ɗari suka sami sauƙi. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 35. Amma fa a shekarar nan dai hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan ƙwayoyi kan iya ƙara wa wasu yara tunanin halaka kansu, musamman a farkon sha. Kun ji dalilin da ya sa ba a sayo su a kemis, sai likita ya rubuta, a kuma sa wa yaron ido.

Sai masu ciki da masu jego. Matanmu a nan da yawa suna haihuwa nesa da uwayensu, ba mai ɗebe musu kewa. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya zama da irin waɗannan mata suna tattaunawa, ba ƙwaya. Sakamakon 2008: bayan wata shida da haihuwa kashi 23 ne ke fama, sauran ƙauyukan kuwa kashi 53.

Na tsofaffi a nan gida aka yi shi. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun binciki tsofaffi fiye da 2,000 a ƙasar Yarbawa, suka bayyana a 2007 cewa kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ciwon. Tsoho ba zai ce maka yana baƙin ciki ba, sai ya ce jiki ne, ko mantuwa. Amitriptyline da ake yawan bayarwa tana iya sa shi jiri ya faɗi, ko fitsari ya riƙe, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan. In Baba yana shan maganin hawan jini, a tafi da kwalin.

Ƙwayar nan takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, in an warke ma a ci gaba aƙalla wata shida. Wanda kuwa ya fara zancen gara ya mutu, yaro ne ko babba, ranar za a kai shi UCH ko asibitin Aro a Abeokuta, kada a bar shi shi kaɗai.