Ƙarfen Wuƙa da Inda A Ke Samunsa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Wannan jawabi a kan ƙarfen da a ke ƙera wuƙa da shi ne, da yadda yaro mai koyon ƙira zai same shi ba tare da ya yi hasarar jarinsa ko ya faɗa hannun hukuma ba. Wani zai ce wannan maganar maƙera ce, ba ta isa a kawo ta gaban manya ba. To, amma mahauci a kasuwar Juma'a ta Wudil, da masunci a bakin kogi, da baduku, da mai gida ran Babbar Salla, kowannensu da wuƙa ya ke aiki. Rigimar da ke tasowa a kan ƙarfe kuwa, ko ta bashi ko ta sata, a zauren dagaci ta ke farawa, ta ƙare a gaban hakimi.

1. Yadda abin ya ke a dā

Ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Labarin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano, daga cikin Abagayawa, shi ya taso daga Gaya, maƙwabciyar Wudil, ya zauna a gindin Dala domin neman tama. A wancan zamani masu narka tama su ke ba maƙera ƙarfe. Curin da ya fito daga wuta ba ya zama iri ɗaya, wani gefe taushi wani gefe tauri, maƙeri kuwa ya san gefen da zai ware domin kaifi. Duk da haka ƙarfe mai kyau ya yi wuya, har Dokta Barth, Baturen Jamus da ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasarsu, a yi musu ƙota da kube a nan.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka yawaita, suka fi ƙarfen tama araha, sai narka tama ya yi ta ja da baya har ya mutu. Yau maƙeri daga kayan da wasu suka zubar ya ke zaɓe, wanda kuwa bai iya zaɓe ba ya yi hasara tun bai hura wuta ba.

2. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe

Abin da ke sa ƙarfe ya ɗauki kaifi shi ne wani sinadari da a ke kira kabon, watau asalin abin da gawayi ya ƙunsa. In ya yi kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin 500, ƙarfen mai taushi ne, kome tsoma shi a ruwa ba zai yi tauri ba. Irinsa ne ƙusa da yawancin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi. In ya kai kashi 6 zuwa 10 cikin 1,000, shi ne ƙarfen wuƙa. In kuwa ya zarce kashi 2 cikin 100, ya zama ƙarfen zubi, irin na gangar jikin injin mota, wanda farfashewa ya ke yi in aka sa masa masaba.

A ɗauka ga wani saurayi a Kausani wanda ya gama koyo, ubangidansa ya sallame shi da uwar maƙera da awartaki da zugazugi. Salla ta ƙarato, mahauta sun ba shi kafin alƙalami. Ya ga rodi ya fi araha, ya sayo, ya ƙera wuƙaƙe masu kyawun gani. Amma domin gini aka yi rodi, sau da yawa kuma daga tarkace iri iri aka narko shi, sanda ɗaya ta yi tauri, ta kusa da ita ta ƙi. Ran yanka wuƙa ta dakushe a wuyan rago. Yaron nan zai biya kuɗin mutane, sunansa kuwa ya ɓaci a kasuwa shekara da shekaru. Araha ba ta ado.

Ya kamata a sani ma'aikatun murza ƙarfe da Gwamnatin Tarayya ta gina a Katsina da Jos da Osogbo a farkon shekarun 1980, domin rodi da waya aka gina su. Saboda haka jin an ce ƙarfe sabo ne daga ma'aikata ba shaida ba ce cewa zai yi wuƙa.

3. Ƙarfen da ya dace da mai koyo

Na farko shi ne sifirin mota, musamman mai faɗin nan na ƙarƙashin motocin kaya. Kabon ɗinsa kamar kashi 6 ne cikin 1,000, yana da jimiri, ba ya saurin karyewa, yana kuma haƙuri da kuskuren mai koyo. Aibinsa ɗaya ne. Wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya ya kan yi tsaga wadda ido ba ya gani, yawanci kusa da ramin tsakiya. A yanke wannan wuri a yar. Sauran in aka sa shi a wuta ya fara ja, tsagar za ta fito kamar baƙin zare.

Na biyu tsohon magagari. Ya fi sifirin kaifi, ya dace da aska da ƙananan wuƙaƙe, amma yana da saurin karyewa, kuma sai an goge haƙoransa tukuna, in ba haka ba kowane haƙori zai zama bakin tsaga. Akwai kuma na araha waɗanda fatarsu kaɗai ke da tauri.

Na uku faifan garmar tarakta da tsohon zarton injin katako. Dukansu suna yi.

A kan sami waɗannan wurin makanikai da ke bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, da wurin 'yan gwangwan, da kasuwar Ƙofar Ruwa a Birnin Kano. Ya fi wa mai koyo ya sayi iri ɗaya mai yawa ya san halinsa, da ya tattaro gutsattsari goma kowanne da irin wutar da ya ke so. Tun da ƙarfe ɗaya ba ya amo, maƙeran gari ɗaya su haɗa kuɗi su aiki wanda ya fi su ido.

4. Gwaji kafin a biya

Gwaji uku ne, ba kuwa mai cin kuɗi a cikinsu.

Na ɗaya, a kara ƙarfen a dutsen washi na inji. Mai taushi tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu. Mai kabon tartsatsinsa rassa su ke yi, suna fashewa kamar taurari.

Na biyu, a yanki guntu tsawon yatsa, a buga shi ya yi siriri, a mai da shi wuta har mayen ƙarfe ya daina kama shi, wanda ke faruwa wajen digiri 770 na zafi. A ƙara masa wuta kaɗan, a tsoma shi cikin man gyaɗa. In ya huce a goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen ya yi.

Na uku, a kāre ido, a kama guntun nan a buge shi. Na kirki karyewa zai yi ƙas, cikinsa toka-toka mai laushi. Wanda ya lanƙwashe ba na wuƙa ba ne, sai a ajiye shi domin wani aiki.

Ko ƙarfe ya yi kyau ana iya ɓata shi a maƙera. Kada a bar shi cikin gawayin ƙirya har ya yi fari yana tartsatsi, kada kuma a ci gaba da bugunsa bayan jan ya tafi. Sifirin a mai a ke tsoma shi, gama ruwa tsaga shi ya ke yi. Bayan tsomawa a goge ruwan wuƙar, a gasa gadon bayanta a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara. Wannan shi ke hana ta karyewa a kan ƙashi.

5. Abin da za a guje wa

Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, kamar kwanon rufi da bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kome rufaffe, kamar tukunyar gas, ba a sa shi a wuta. Abin da ya yi kama da kayan soja kuwa ko taɓa shi kada a yi. Cikin 2025 wani bam da ya zo cikin lodin tsofaffin ƙarafa ya fashe a Kano, aka yi hasarar rayuka.

Sa'an nan ga kayan sata. Ƙarfen dogo yana yin wuƙa ƙwarai, shi ya sa ɓarayi ke kawo wa maƙera shi da dare, haka kuma ƙarfen gada da na famfon gari. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kot, wanda kuwa ya ga alamar sata ya runtse ido ya saya, shari'a ba za ta ƙyale shi ba.

6. Abin da a ke roƙon hakimai

(a) Hakimi ya tara dagatai da sarakunan maƙeran ƙasarsa, a karanta musu wannan jawabi, su kuma su isar ga yaransu.

(b) Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane mai sayar da tsohon ƙarfe da inda ya ke zaune.

(c) Duk cinikin ƙarfe mai yawa a yi shi da rana, gaban shaidu, a karɓi rasit.

(d) Kada ubangida ya sallami yaro sai ya yi gwajin nan uku a gaban Sarkin Maƙera.

(e) In aka ga abin da ba a gane ba cikin tarkace, mai unguwa ya kori yara daga wurin, a sanar da 'yan sanda nan da nan.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan biyar, ƙararrakin da ke zuwa masa za su ragu, mahautan ƙasarsa kuma ba za su tafi wani gari neman wuƙa ba.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa albarka a sana'a. Amin.