KAYAN DA AKA ƊORA WA HEDIMASTA: JAWABI GA IYAYEN YARA MAZAUNA KUDU



Duk ɗan Arewan da neman abinci ya kawo shi Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Ibadan da Shagamu, idan ya sa ɗansa a makarantar firamare ta gwamnati, ba zai daɗe ba sai takarda ta iso shi daga hedimasta, ana neman taimakon gyaran benci ko rufin aji. Nan da nan sai uba ya ce, ba an ce ilmi kyauta ne ba? Daga nan sai zargi ya faɗa kan hedimasta. To, ruwa ba ya tsami banza, ya kamata a bi maganar tun daga tushenta.

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Yaran da suka fito sun zarce waɗanda aka yi wa tanadi, har aka riƙa karatu a gindin itace. Da farashin man fetur ya faɗi bayan 1980, sai nauyin makarantun ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993. Kowane sauyi a kan makaranta ya ƙare.

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya sami dokarsa a 2004. Dokar ta keɓe kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, amma da sharaɗi: jiha ba za ta karɓi kuɗin gine-gine ba sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta. Jihohi da dama sun sha yin jinkiri, kuɗin na kwance a Abuja, ajujuwa kuwa na yoyo. Albashin malamai kuma daga rabon ƙananan hukumomi yake fita, in ya cinye rabon, babu abin da ya saura na alli da rajista. Ko a Abuja kanta, a 2025 malaman firamare sun yi fiye da wata 3 suna yajin aiki kan albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000.

A tsakiyar wannan duka hedimasta yake tsaye. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a unguwannin talakawa sau da yawa aji ya ninka haka. In malami bai zo ba, hedimasta ne zai ɗauki alli. Shi ne akawu mai cika takardun ofishin ilmi, shi ne mai tarbar masu duba makarantu, shi ne alƙalin faɗan yara, shi ne mai neman kafinta bayan iska ta yaye kwano. Doka ta hana shi karɓar kuɗin makaranta, kuɗin gudanarwa kuma ba kullum yake isowa ba. In ya roƙi iyaye a ce ya ci amana, in ya yi shiru a ce ba ya aiki.

Saboda haka cire yaro daga aji a tura shi talla ko turin baro a kasuwa ba magani ba ne, asarar ta uban ce da ɗansa. Abin da ya dace shi ne iyaye su riƙa halartar taron iyaye da malamai, ko da da tafinta ne. Sarakunan Hausawa su nemi wakilci a kwamitin kula da makaranta na unguwa. Duk kuɗin da aka tara a nemi rasit da bayani a bainar jama'a, domin hakan kariya ce ga hedimasta mai gaskiya. Sa'an nan duk ɗan takarar da ya zo Sabo neman ƙuri'a a tambaye shi a fili: jiharsa ta biya nata kason na UBE, ko kuwa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya shirya zuri'a, ya ba malamai haƙuri, amin.