Ƙagaggun Labaran Al'ajabi da na Kimiyya: Muhawarar Masu Karatu a Ƙasar Dutse



Gabatarwa

Duk wanda ya zauna cikin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko cikin ma'aikatan sakatariya bayan an tashi aiki, zai tarar akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar karatun ƙagaggun labarai. Gardamar kuwa a kan littattafan aljannu da dodanni da takubban sihiri take, da kuma 'yan'uwansu masu ba da labarin kumbo da taurari da mutum-mutumi. Wasu na karanta su a takarda, wasu a wayar hannu, wasu kuma sauraro suke yi ana karanta musu. Manufar wannan lacca ita ce ta tattaro ra'ayoyin da aka fi ji daga bakin masu karatun, ta auna kowanne da tarihin adabin Hausa, sa'an nan ta nuna abin da ƙasar Jigawa za ta samu ko ta rasa gwargwadon yadda aka yanke hukunci.

Rabe-raben labaran

Kafin a shiga gardamar ya kamata a bambanta abubuwa biyu da akan cuɗa. Na farko shi ne labarin al'ajabi, wanda ake gina shi a kan abin da hankali bai yarda zai auku bisa al'ada ba, kamar zoben da ke kiran aljani ko tsuntsun da ke magana. Na biyu shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wanda marubucinsa ke ɗaukar wani ilimi da aka sani, ya ja shi gaba da inda ya tsaya, ya tambayi abin da zai sami ɗan'adam in an kai can. A na farko ana buɗe ƙofa da tsatsuba, a na biyu kuwa da lissafi. Amma duka biyun tambaya ɗaya suke yi, wato: da a ce duniya ba haka take ba, yaya mutum zai kasance?

Asalinsu a adabin Hausa

Ba baƙi ne waɗannan labarai a ƙasar Hausa ba. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo sun riga boko zuwa, har Frank Edgar ya tara su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Ta hanyar malaman zaure kuma hikayoyin Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya suka shigo. Sa'ad da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da aka buga labaran al'ajabi ne tsantsa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, neman da ya kai shi har ƙasar aljannu. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya fara da yaƙin Turawa na zahiri, daga nan ya zarce yaƙi da aljannu a ƙasashen gabas. Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, da akunta mai hikimar da ta kai shi ga sarautar waziri. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa wani jarumin almarar Rasha ne, aka yi masa riga da rawani har mai karatu ya ɗauka ɗan gida ne.

Labarin kimiyya kuwa ya jira har 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. A wannan shekara Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawon buɗe ido cikin taurari. Alhaji Mamman Shata ma ya yi wa kumbon waƙa. Abin lura shi ne, bayan Dembo hanyar ta kusa toshewa. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, littattafan soyayya ne suka mamaye, sai kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da labaran al'ajabi irin na Nazir Adam Salih. Reshen aljannu ya yi ganye, reshen kimiyya ya tsumbure.

Ra'ayi na farko: ƙarya ce da ɓata lokaci

Akwai masu karatu, galibi iyaye da wasu malaman makaranta, da ke cewa littattafan nan ƙarya ce zalla, suna hana yaro karatun jarrabawa, kuma yawan ambaton bokaye da matsafa na iya gurɓata aƙida. Wannan magana ba abar yi wa dariya ba ce. Ƙyamar ƙagaggun labarai gaba ɗaya ta taɓa kaiwa ga ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007. Kuma gaskiya ne akwai littafin da ba abin da ke cikinsa sai sara da suka da tsafi daga bango zuwa bango.

Sai dai ƙarya a ma'anarta ita ce faɗin abin da ba haka ba da nufin a gaskata. Mai tatsuniya tun fil azal yakan rufe labarinsa da ɗora alhakin ƙaryar a wuyan Gizo, don kowa ya san wasa ake yi. Ba wanda ya taɓa ɗaura sirdi ya tafi neman ruwan Bagaja saboda ya karanta Imam. Abin da ya dace a tambaya shi ne inda labarin ya ajiye mai karatu. In matsafi ne ya ci riba, aka nuna tsafi hanyar tsira ce, to masu ƙorafi na da hujja. In kuwa girman kai da zalunci ne suka kai shi ƙasa, kamar yadda akan gani a yawancin littattafan yaƙin Hausa, to littafin na tare da masu ƙorafin ne, ko da ba su sani ba. Game da jarrabawa kuma, yaron da ya saba cinye shafi ɗari biyu don daɗi ya fi wanda bai taɓa gama littafi ba saurin fahimtar tambaya.

Ra'ayi na biyu: daɗi ya isa

Rukuni na biyu su ne masoya littattafan yaƙi. Su a wurinsu littafi ya yi kyau in jarumi ya kashe dubu da sara ɗaya, in kuma ya shiga tsaka mai wuya sai wani zobe ko wata tsohuwa su ɓullo su cece shi. Sukan ce sun wuni cikin zafin ofis ko na aji, ba su zo karatu don a yi musu wa'azi ba. Suna da gaskiya cewa nishaɗi haƙƙi ne, kuma su ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa da kuɗin aljihunsu lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya.

Amma a cikinsu ma ana jin ƙorafi cewa labaran sun zama ɗaya: ɗan sarki, gimbiya, matsafi, daji mai aljannu, littafi na ɗaya har na shida. Dalilin wannan gundura a fili yake. Labarin al'ajabi na da ƙa'ida kamar wasan dara. Marubuci na da ikon ƙaga kowace irin duniya, amma da zarar ya kafa mata doka, dole ya bi ta. In sihiri ba shi da iyaka kuma ba shi da farashi, to jarumi ba ya cikin haɗari, mai karatu kuma ba shi da abin fargaba. J. R. R. Tolkien na Ingila, wanda babban littafinsa ya fito a 1954 da 1955, ya gina labarin ne a kan zoben da ke lalata zuciyar duk mai riƙe da shi, don haka kowane amfani da shi asara ce. Imam ma ya san wannan: abin da ke riƙe mai karatun Ruwan Bagaja shi ne wayon Alhaji da ramuwar gayyar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe, domin kowannensu na iya shan kashi.

Ra'ayi na uku: Hausa ba za ta iya ba

Rukuni na uku ɗalibai ne masu karatu da Ingilishi. Sun karanta Harry Potter, sun san Nnedi Okorafor, wadda littafinta Binti ya ci kyautar Hugo da ta Nebula a 2016, da Tade Thompson, wanda Rosewater ya ba shi kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Sukan ce labarin kimiyya sai da Turanci, wai Hausa ba ta da kalmomin, kuma al'ummar da ba ta ƙera kumbo ba ba za ta rubuta labarinsa ba.

Wannan ra'ayi shi ya fi rauni, kuma shi ya fi haɗari. Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga Florida a 1865, fiye da shekara ɗari kafin a yi hakan a zahiri, kuma daga Florida ɗin. Tunani ne ya riga ƙira. Batun kalmomi kuwa, bakin da ya ƙirƙiro kumbo da 'yan sama jannati da tauraron ɗan'adam da na'ura mai ƙwaƙwalwa bai gaza ba. Ilimin sama ma ba baƙo ba ne. Manomin Kiyawa ko Jahun ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, malaman gargajiya kuma na lissafin damina da taurari 28. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi da masana lissafi ke ambato har yau. Nijeriya kanta ta mallaki tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Haɗarin ra'ayin shi ne, in masu ilimin kimiyya suka yanke cewa harshensu na aljannu ne kawai, to haka zai zauna, domin su ne kaɗai za su iya sauya shi.

Abin da ƙasar Jigawa ke riƙe da shi

Sunan jihar nan, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, daga tudun rairayi ya samo asali. Ɗaya daga cikin mashahuran labaran kimiyya na duniya, Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, ma'anar sunansa ke nan, jigawa. Herbert ya sami tunanin ne bayan ya ga yadda ake dasa ciyawa don tsayar da rairayi a gaɓar tekun jihar Oregon ta Amurka. Daga nan ya ƙaga duniyar da ruwa ya fi zinariya daraja, inda mutane ke sa tufafin da ke tace gumin jikinsu ya koma abin sha. Shi ziyara ya kai ya gani. Mutumin Maigatari ko Babura a cikin abin yake kwana yake tashi.

Ga kuma kishiyar fari. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje a yankunan Ringim da Jahun da Miga da Haɗeja. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗeja, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai a fadamu. Marubucin da ya zauna ya ƙaga Dutse bayan shekara 100, ya tambayi wa zai mallaki ruwa, me za a shuka, ina makiyayi zai bi da garkensa, ya yi wa jami'in tsare-tsare aikin da rahoton ofis ba ya yi, domin ya sa wa alƙaluma fuska da suna. Mai son al'ajabi shi ma yana da kaya. Ga duwatsun da suka kewaye Garu, ga zanen shanu na mutanen da a kogunan duwatsun Birnin Kudu tare da duwatsu masu amo in an buga, ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka Baturiya. Abin takaici ne a ce jarumin littafin Hausa ya fi sanin hanyar Misra da birnin Sin a kan hanyar Shuwarin.

Shawarwari

Tarihi ya nuna gasa ce ke buɗe sabon babi a rubutun Hausa. Ta 1933 ta haifar da ƙagaggen labari. Ta kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya da 'yan'uwansa a 1980. Ta Sashen Al'adu na Tarayya ta ba da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da dama. Saboda haka, na ɗaya, ya dace jami'o'in jihar da ma'aikatar ilimi su shirya gasar labarin kimiyya da Hausa, alƙalanta su haɗa da malamin adabi da malamin kimiyya. Na biyu, a nemo Tauraruwa Mai Wutsiya da Iliya Ɗan Maiƙarfi a sa a ɗakunan karatu na makarantun sakandare. Na uku, masu gardamar nan su riƙa rubuta sharhinsu, su faɗi dalilin yabo da dalilin kushe, domin marubuci ba ya gyara abin da ba a nuna masa ba.

Kammalawa

Kowane rukuni cikin ukun nan na riƙe da wani yanki na gaskiya. Masu tsoron ɓarna sun tuna cewa labari na da tasiri a zuciya, masu neman daɗi sun tuna cewa littafin da ba a iya karantawa ba ya koyar da kowa, masu karatun Turanci kuma sun nuna inda sauran duniya ta kai. Abin da ya rage shi ne ɗalibin kimiyyar ƙasa ko na aikin gona, wanda ya tashi da tatsuniyar kakarsa a kunne, ya ɗauki alƙalami ya ci gaba daga inda Umaru Dembo ya tsaya a 1969. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami mai haɗa maganin.