Paul Robeson da Almakashin Mai Haɗa Fim

A kan dandamali ɗan wasa ke da iko da aikinsa, amma a fim ikon yana hannun mai yanka da haɗawa bayan an kashe kyamara. Paul Robeson, baƙar fatan Amurka da aka haifa a 1898, ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka. A 1930 ya fito a wasan dandamali na Othello a Landan, abin da ya furta shi 'yan kallo suka ji. A 1935 kuwa ya zama Bosambo, basarake a Najeriyar zamanin Turawa, a fim ɗin Sanders of the River. Ya shiga da fatan ɗaga martabar Afirka, sai ga fim ya fito yana kambama mulkin mallaka, shi kuma yana yi wa Bature biyayya.

Wani zai ce ai lauya ne, ya san abin da ya sa wa hannu. Gaskiya ne, ba za a wanke shi tas ba. Amma ya fito fili ya barranta da fim ɗin, kuma bayan fim ɗin Tales of Manhattan a 1942 ya yi sallama da fitowa a finafinai. Ya koma dandamali, inda aka buga Othello ɗinsa sau 296 a Broadway daga 1943.